Shin Rediyo Ne Ya Kori Shantu Daga Gida?

Tambaya: Malam, kakata takan ce a zamaninsu mata kan yi kiɗa da hannunsu a cikin gida. Shin faifai da rediyo ne suka kashe wannan al'ada? Daga wata mai karatu, Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Malama, kakarki ta faɗi gaskiya, sai dai a ƙasar Hausa kiɗan kalangu, kotso da goge galibi sana'a ce ta gado, don haka ba kowane magidanci ke taɓa su ba. Kiɗan cikin gida na mata ne. Mace takan zauna ta riƙe shantu, ta buga gindinsa a cinya tana tafa bakinsa da tafin hannu, wasu kuma su kifa ƙwarya a kan ruwa su kaɗa ta ranar suna ko biki, kuma daga irin wannan kiɗan ƙwarya ne amada ta fito, wadda Barmani Choge ta shahara da ita.

Garmaho, wato na'urar kunna faifai, ya fara shigowa gidajen masu hali, sannan a 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa a nan Kaduna, daga baya kaset ya cika kasuwa. Wanda zai ji Mamman Shata a ɗakinsa ba ya jiran biki.

A ganina laifin ba na rediyo kaɗai ba ne. Injin niƙa ya ɗauke dutsen niƙa da waƙoƙinsa, ya rage lugude, roba kuma ta maye gurbin ƙwarya, har yarinyar yau takan girma ba ta taɓa riƙe shantu ba.