Yawan makarantun DO a Amurka: aiki zai ƙare ne?

Malam, ka tambaya ko yawan buɗe makarantun likitanci masu ba da digirin DO (ɗaya daga cikin digirori biyu na zama likita a Amurka, ɗayan shi ne MD) zai sa likitoci su rasa aiki. Gaskiya ni ba rashin aiki ke damuna ba, Amurka har yanzu tana fama da ƙarancin likitoci musamman a karkara. Matsalar ita ce gurbin horon ƙwarewa bayan kammala karatu, wanda tun 1997 aka ƙayyade yawan guraben da Medicare, shirin inshorar lafiya na gwamnatin Amurka, ke biya wa kuɗi, kuma tun 2020 masu DO da masu MD layi ɗaya suke bi wajen neman wannan gurbin. Kafin ƙaninka ya ciwo bashi ya shiga sabuwar makaranta, ya bincika asibitocin da makarantar ke tura ɗalibanta da kuma nawa ne cikinsu ke samun gurbi.