Amsa ga ƙanwarmu amarya da ta nemi a turo mata kalaman soyayya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. 'Yan'uwana mata na wannan zaure, barkanku da yamma, da fatan kun wuni lafiya tare da iyalanku. Na saurari muryar da ƙanwarmu amarya ta ajiye jiya da daddare, inda ta ce watanta bakwai da aure, maigidanta yana aiki a Fatakwal, ba ya samun zuwa gida sai bayan wata biyu ko uku, kuma ya fara ƙorafin cewa saƙonta ba ya shigo masa sai na cefane da na kuɗin wuta. Ta roƙi duk wadda take da kalaman soyayya a ajiye a wayarta ta turo mata, domin ita kunya take ji, ba ta kuma san ta inda za ta fara ba. Na ga wasu sun riga sun turo, Allah Ya saka musu da alheri a kan kyakkyawar niyyarsu, amma ni shawarata dabam ce, kuma ina roƙonki, ƙanwata, ki saurare ni har ƙarshe.

Kada ki tura masa ko ɗaya daga cikin waɗannan saƙonni. Na karanta su dukansu, kuma babu wanda ban taɓa gani yana yawo a wani zauren ba: kai ne hasken idanuna, kai ne bugun zuciyata, ba na iya barci sai da tunaninka. Kalmomi ne masu daɗi, sai dai an ɗinka su ne yadda za su shiga jikin kowane namiji, shi kuwa mijinki abin da yake nema shi ne wanda aka auna da shi. Tun shekarar 2018 WhatsApp yake sanya alama a saman duk saƙon da aka turo daga wani wuri, kuma ko kin kauce wa alamar ta hanyar kwafe rubutun, mutumin da ya zauna da ke wata bakwai ya san harshenki, ya san kalmomin da ke fita daga bakinki da waɗanda ba su taɓa fita ba.

Ina faɗa miki haka ne saboda ya faru da ni. An yi aurena a 2004, shekara uku bayan shigowar wayar salula Najeriya, kuma ba a rufa shekara ba aka mayar da Baban yara aiki Legas. Ƙaramar Nokia mai tocila ya bar mini, a lokacin kuwa babu WhatsApp, sai tes, wanda ba ya ɗaukar fiye da haruffa 160, in ya wuce haka a caje ka kuɗin guda biyu. Wata rana na kwafo wasu baituka daga wani littafin soyayya na tura masa, ina ganin na yi bajinta. Amsar da ya ba ni gajeriya ce, ya ce ya gode, amma wannan ba maganata ba ce, shi tawa yake son ji. Na yi kwana uku ban sake rubuta komai ba saboda nauyin abin a raina.

Sai ranar da aka yi ruwan farko na damina. Na fito kwashe shanya, ƙamshin ƙasa ya cika tsakar gida, idona ya faɗa kan tabarmar da yake zama a kai gindin darbejiya bayan sallar la'asar, tana jingine inda ya bar ta. Na shigar da ita ɗaki, na ɗauki waya na rubuta masa cewa an yi ruwan farko yau, na ɗauke tabarmarsa kada ta jiƙe, kuma gidan ya yi mini faɗi tun da ya tafi. Iyakar abin da na rubuta ke nan, babu ma kalmar so a ciki. Bayan shekaru da yawa, ina gyara akwatinsa, na tarar da wannan saƙo a bangon baya na littafin da yake lissafin albashi, ya kwafe shi da biro har da kwanan wata, saboda waɗancan wayoyin kan cika sai an goge tsofaffin saƙonni kafin sababbi su shigo.

Don haka ki duba cikin gidanki, a nan kalamanki suke. Akwai kofin da ba ya shan shayi sai da shi, akwai miyar da ya yaba ranar da kika fara yi masa girki, akwai wata magana da ya faɗa miki a mota ranar da ya raka ki gidanku wadda har yau kike tunawa. Ki ɗauki ɗaya, ki faɗa masa cewa yau kin tuna da ita, ki kuma faɗi yadda kika ji. Ki haɗa da addu'ar da ta dace da halin da yake ciki, kamar Allah Ya tsare shi a hanyar wurin aiki, Ya sanya albarka a guminsa, Ya dawo miki da shi lafiya. Kuma ki rubuta kalmomin cikakku, ki bar irin su slm da ykk da lfy ga ƙawaye, domin wanda yake kewar matarsa yana son ya ga alamar cewa ta zauna ta ba shi lokacinta.

Batun kunya kuwa na fahimce ki ƙwarai. Mun tashi mun ga iyayenmu mata ba sa ko ambatar sunan mazajensu, sai dai Malam ko Maigida ko Baban wane, kuma soyayyarsu a cikin tuwon dare take, da turaren wuta, da lallen da ake ƙunsawa ranar da zai dawo daga tafiya. Wannan tarbiyya ce mai daraja, ba na son ki yar da ita. Amma tuwo da turare ba sa isa Fatakwal, waya ce kaɗai take isa. Addininmu kuma bai ɗauki furta so ga miji ko mata a matsayin rashin kunya ba. Allah Ya ce a aya ta 21 ta Suratur Rum Ya sanya ƙauna da jinƙai a tsakanin ma'aurata. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Amru ɗan Asi ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, wa ya fi so a cikin mutane, ya amsa masa kai tsaye cewa A'isha ce, kuma yakan taƙaita sunanta ya kira ta da A'ish. Ke da kike jin nauyin baki, rubutu rahama ne gare ki, domin abin da harshe ya kasa furtawa ido da ido, yatsa yana iya rubuta shi a natse.

Akwai abu guda da nake son ki kiyaye fiye da komai, wato kada ki haɗa saƙon so da saƙon buƙata. Idan duk lokacin da kika ce kina kewarsa, minti biyar bayan haka sai ki ce gas ya ƙare, to ba da jimawa ba zai fara karanta kalaman farko a matsayin share fagen roƙo, daga nan kuma sun mutu a wurinsa ko da gaskiya kike faɗa. Buƙatar gida haƙƙinki ce, ki faɗe ta a fili ba tare da kwana-kwana ba, amma ki ba ta lokacinta dabam, ki bar wancan saƙon ya isa gare shi shi kaɗai. Idan kuma kin ga alamun nan biyu sun zama shuɗi bai amsa nan take ba, kada ki biyo baya da fushi, domin yana iya kasancewa a gaban shugabansa a wurin aiki, ya karanta ya ajiye zuwa dare.

Sai maganar sirri. Ki duba sunan da ke sama kafin ki danna, don saƙon miji ya sha faɗawa zauren dangi, kuma gogewa ba ta da amfani idan an riga an gani. Kada ki tura hoton da ba za ki so baƙon ido ya gani ba, saboda waya tana ɓata, ana sace ta, ana kai ta wurin mai gyara, yara ma suna ɗauka su yi wasa. Abin da ya mayar miki da shi kuma amana ce, kada ki ɗauki hotonsa ki nuna wa ƙawa, domin Muslim ya ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan mai yaɗa sirrin da ke tsakaninsa da iyalinsa. Ku kuma 'yan matanmu da ba a ɗaura muku ba tukuna, wannan bayani na matan aure ne, ku tsaya a kan abin da ba za ku ji kunya ba idan mahaifinku ya karanta.

Ƙanwata, yau bayan sallar isha'i, idan kin kammala ayyukanki, ki zauna a gefen gado ki rubuta masa layi biyu ko uku, ki kira shi da sunan da kike kiransa idan kuna ku biyu. Kada ki turo mana nan don mu duba miki, ki dai taɓa ni ta lambata gobe ki ce kin tura. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.