Hukuncin Bincike da Bayyana Zaluncin Jami'an Tsaro a Lokacin Yaƙi da Ta'addanci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara sani. Ni ɗalibi ne mai nazarin laifuka a jami'a, kuma bincikena ya shafi yadda 'yan sanda suke gudanar da aikinsu wajen yaƙi da ta'addanci. Na tattara bayanan kama mutane ba da hujja ba da azabtarwa, ina son in wallafa su, har wasu 'yan jarida sun nema. Amma an ce mini yin haka giba ne, kuma taimakon 'yan ta'adda ne. Mene ne hukuncin shari'a?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayyana zaluncin da ya tabbata da nufin kawar da shi halal ne, wani lokaci ma yakan zama wajibi a kan wanda hujja take hannunsa, matuƙar ya kiyaye sharuɗɗan da za su zo.

Batun giba bai da tsawo. Allah Maɗaukaki ya faɗa a Suratun Nisa'i, aya ta 148, cewa ba ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Imam Nawawi kuma ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum yake halatta, daga ciki akwai kai ƙarar zalunci, da neman taimako wajen gusar da abin ƙi. Aikinka yana ƙarƙashin waɗannan biyun.

Abin da ya fi buƙatar tsayawa shi ne cewar da ake yi wai lokacin yaƙi ba lokacin tuhumar jami'ai ba ne. Sunna ta nuna akasin haka. A shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya aika Khalid bin Walid zuwa ga ƙabilar Banu Jazima, sai ya kashe wasu daga cikinsu saboda bai fahimci lafazin da suka bayyana Musuluncinsu da shi ba. Da labari ya iso, Annabi ya ɗaga hannuwansa a gaban jama'a, ya ce yana barranta zuwa ga Allah daga abin da Khalid ya aikata, har sau biyu, kamar yadda Bukhari ya ruwaito, malaman sira kuma suka ambaci cewa ya tura Aliyu ya biya diyya. Khalid ne fa, wanda rundunar Musulmi take matuƙar buƙata a wannan lokaci, amma ba a rufe maganar don kada abokan gaba su ji ba, kuma wannan bai hana a ci gaba da ba shi jagorancin yaƙi ba.

Binciken zamani ma bai goyi bayan masu cewa a yi shiru ba. A rahoton da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2017 bayan hira da tsofaffin 'yan ƙungiyoyin ta'adda a Afirka, kashi 71 cikin ɗari sun ce abin da ya tunzura su a ƙarshe shi ne wani mataki na hukuma, musamman kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. Ke nan zaluncin da aka binne shi ne yake cika wa 'yan ta'adda sahu. Azabtarwa kuwa, bayan haramcinta, ɓata binciken take yi, shi ya sa jumhurun malamai ba su karɓi iƙirarin wanda aka tilasta ba. A Ingila an ɗaure mutum shida kan harin bam na Birmingham na 1974, wanda ya kashe mutum 21, bisa hujjojin da suka haɗa da iƙirarin da aka tatsa da duka, sai a 1991 aka sake su bayan 'yan jarida da lauyoyi sun dage, alhali duk tsawon shekarun nan ba a hukunta masu laifin na ainihi kan harin ba.

Sai dai halaccin yana da iyaka. Dole ka tabbatar da kowane labari, domin aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umarni da bin diddigi, kuma ɗan sanda ma mutum ne mai mutunci da iyali, ba a halatta a jingina masa abin da bai aikata ba, ko a shafa wa duk rundunar laifin wasu, alhali cikinsu akwai waɗanda suka rasa rayukansu wajen kare mutane. Ka nemi jin ta bakin wanda ake zargi, ka kuma ɓoye sunayen waɗanda suka ba ka shaida bisa amana. Ina ganin ya fi kyau ka fara miƙa abin da ka samu ga hukumomin da ke sauraron ƙorafi ko kotu, idan suka yi kunnen uwar shegu, ko ka ji tsoron za a salwantar da hujja, to jarida hanya ce halattacciya.

Abin da yake haramun kai tsaye shi ne yaɗa sirrin aikin da ake cikin yi, kamar inda jami'ai suka ja daga, ko sunan mai kai musu bayani. Aya ta 83 a Suratun Nisa'i ta zargi masu watsa labarin aminci ko tsoro ba tare da mayar da shi ga masana ba. An ga illar haka a harin Mumbai na 2008, lokacin da masu ba maharan umarni daga nesa suka riƙa kallon motsin jami'an tsaro a talabijin suna sanar da su ta waya. Saboda haka ka duba takardunka, duk abin da ya shafi cin zarafin da ya riga ya auku ka wallafa shi, abin da kuma zai tona aikin da ba a kammala ba ka riƙe shi har sai haɗarinsa ya wuce.

Wallahu a'alam.