Tambaya da Amsa: Me ya haɗa kotu da fitilun biki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana da ke karatu a jihar Arizona ta Amurka ya turo mini bidiyo ta WhatsApp daga wani gari mai suna Prescott. Na ga jama'a maƙil a cikin sanyi, can sai wani katafaren gini da itatuwan da ke kewaye da shi suka ɗauki haske gaba ɗaya, wuri ya kaure da shewa. Ya ce mini wai kotu ce. Mu dai a nan, in aka ce wane yana kotu a Adum, jaje ake yi masa. Me ya haɗa kotu da shagali, kuma yaushe aka faro shi? Daga wata Hajiya a Asawase, Kumasi.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaron sa'a. Abin da kika gani shi ne bikin kunna fitilun kotun gundumar Yavapai, wanda ake yi a Asabar ta farko ta watan Disamba saboda Kirsimeti, wato Buronya kamar yadda muke faɗa a nan. An aza harsashin ginin a 1916, aka kammala shi a 1918, amma al'adar ƙawata shi da fitilu sai a tsakiyar shekarun 1950 ta kankama. Ta yi ƙarfin da a 1989 gwamnar jihar, Rose Mofford, ta laƙaba wa Prescott sunan birnin Kirsimeti na Arizona.

Mamakin naki yana kan hanya, sai dai kotun gunduma a ƙananan garuruwan Amurka ba gidan shari'a kaɗai ba ce. A al'adance can ake ajiye takardun filaye, can ake karɓar takardar izinin aure, kuma sau da yawa ita aka fara yanka wa fili a tsakiyar gari, sannan kantuna da bankuna suka jeru suna fuskantarta. Dandalinta nan ne wurin taro da hutawar tsofaffi a inuwar itatuwa. Idan kina neman kwatankwacinsa a wurinmu, to ki tuna ƙofar fadar Sarkin Zango ranar Sallah: wurin da ake sasanta rigima shi ne kuma wurin da makaɗa ke taruwa. Garin da ba shi da sarki, ina zai kai bikinsa in ba ginin hukumar da kowa ke ganin nasa ne ba?

Ita kanta ƙawa da lantarki ta girmi bikin Prescott nesa ba kusa ba. A 1882 Edward Johnson, abokin aikin Thomas Edison, wanda ya shahara wajen ƙera ƙwan lantarki, ya rataya ƙwayayen lantarki 80, ja da fari da shuɗi, a jikin bishiyar Kirsimeti a gidansa da ke New York, lokacin da sauran mutane kyandir suke kunnawa a rassan, abin da ya sha jawo gobara.

Akwai kuma batun kasuwa, wanda a ganina bai kamata a raina shi ba. Garin Marshall na jihar Texas ya fara nasa bikin a 1987, bayan faɗuwar farashin man fetur ta durƙusar da tattalin arzikin yankin. Aka lulluɓe tsohuwar kotun gundumar Harrison da fitilu tun daga ƙasa har ƙubba, baƙi suka riƙa tururuwa, masu kantuna da masaukai suka samu na sawa a bakin salati.

Sai dai ginin hukuma yana da iyakarsa, domin tsarin mulkin Amurka ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin nata. A 1989 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci cewa siffofin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, da aka girke su kaɗai a matattakalar kotun gundumar Allegheny a birnin Pittsburgh sun saɓa wa wannan ƙa'ida, alhali a hukuncin guda ta ƙyale fitilar bikin Yahudawa da aka kafa kusa da bishiyar Kirsimeti a gaban wani ginin hukuma na birnin.