Ka bar wa sabon shiga Ctrl+C ɗinsa

Ka ce manhajar rubutun nan da kake haɗa wa ɗaliban cibiyar koyon kwamfuta, wai ka sa ta zo da maɓallan Vim, manhajar rubutun nan ta masu shirya manhajoji, tun daga buɗewa tunda su ka fi jin daɗi, ko ka bar ta da waɗanda kowa ya sani. Yaro, da a shago ka yi mini wannan tambayar da kallo kawai za ka samu. Zan amsa ne don ta fama mini wani tsohon miki.

Kada ka kuskura. Saitin farko na wanda bai san akwai wani abu wai shi saiti ba ne. Gwani zai shiga ya juya maɓallai yadda yake so kafin shayinsa ya huce. Sabon shiga kuwa, abin da ya tarar shi ne doka a wurinsa, kuma in ya danna abu ya ga ɓarna, kansa zai zarga, ya tashi ya bar kujerar.

Ku yaran yanzu kun ga bidiyon wani yana gudu da H, J, K, L a Vim maimakon maɓallan kibiya kun ɗauka wata hikima ce ta musamman. Bill Joy ya rubuta vi, manhajar da Vim ta kwaikwaya, a 1976 a kan na'urar ADM-3A, wadda ba ta da maɓallan kibiya na daban, a jikin waɗannan haruffa huɗu aka zana kibiyoyin. Larura ce ta na'urarsa. Emacs ma, wata tsohuwar manhajar rubutu, da yake liƙa rubutu da Ctrl+Y yana yankewa da Ctrl+W, ya girmi tsarin da duniya ta zo ta bi. Tsarin Z, X, C, V na janyewa, yankewa, kwafa da liƙawa ya bazu ne da Macintosh a 1984, Windows 3.1 ta ɗauke shi da Ctrl a 1992, tun daga nan yatsun jama'a suka haddace. Har masu Emacs sai da suka saka cua-mode, wato zaɓin amfani da waɗannan maɓallai, a fitowa ta 22 a 2007 saboda baƙi, manhajar rubutu ta nano kuma a 2024 ta mai da Ctrl+F maɓallin bincike. Waɗanda suka fi ka taurin kai sun sauko.

Zamanin Windows XP wani mai maɗaba'a ya ba ni aikin rubuta masa manhajar da yaransa za su riƙa shigar da rubutu da jerin sunaye kafin a kai wajen tsara shafi. Dattijo ne da ya koyi aiki da tsohuwar manhajar rubutu ta WordStar, inda Ctrl+Y ke goge layi ɗungurungum. Ya ce lallai haka yake so a tasa. Na ce masa, Alhaji, yaran nan naka da Word suka tashi, a wurinsu Ctrl+Y shi ne dawo da abin da Ctrl+Z ya janye. Bari in sa maka naka tsarin a kwamfutarka kai kaɗai, su a bar musu abin da suka sani. Ya ce shi ke biya, ba zai yarda ma'aikata su yi aiki da tsarin da shi maigida bai iya ba. Na sake faɗa masa a gaban manajansa. Ya ce in yi abin da aka sa ni. Ya ba ni kafin alƙalami rabi, ciko sai an ga aiki.

Aka ga aiki kuwa. Wata makaranta ta kawo ɗan littafin bikin yaye ɗalibai, kowane layi sunan yaro ɗaya. Yarinyar da ke bugawa takan danna Ctrl+Z ya wuce inda take so, sai ta danna Ctrl+Y don ta dawo da shi kamar yadda aka koya mata. Layi ya tafi, na ƙasa ya hauro ya cike gurbin, idonta yana kan takardar da take kwafa. Jerin sunaye ba jimla ba ne da za ka ji ta karye. Wanda ya kamata ya duba kafin a yi faleti bai ƙirga ba. Aka buga, aka ɗinke, aka raba ranar biki. Iyaye suka zo da dangi, suka buɗe littafi, babu sunan ɗansu. Makarantar ta ce a sake bugawa ko a mayar da kuɗi.

Washegari ya aiko a kira ni. A gaban mutane ya ce manhajata tana cin rubutu. Na ce, Alhaji, kai ka ce a sa wannan maɓalli. Ya rantse bai taɓa faɗa ba. Manajan da aka yi maganar a gabansa ya sunkuyar da kai, albashinsa yake karewa. Yarinyar aka sallama, alhali abin da hannunta ya yi daidai ne a kowace kwamfuta ta garin in ban da wannan. Cikon kuɗina ya ce ya tafi a takarda da tawada. Bai tsaya nan ba, ya bi abokan sana'arsa yana faɗa, wani aiki da aka riga aka yi mini alkawari ya suɓuce. Abin da ya fi ci mini rai har yau, daga baya na samu labarin ya sa wani ya cire masa wancan maɓallin, ya ci gaba da amfani da manhajar shekara da shekaru. Ko sisi bai ƙara mini ba, kuma in mun haɗu a ɗaurin aure shi ke fara miƙo hannu.

Saboda haka maɓallin da a wasu manhajoji ba ya ɓarna, kada ka ɗora masa gogewa, ko rufewa, ko fita ba a adana ba. In mai aiki ya nace, ya rubuta ya sa hannu, kuma ka saka masa a matsayin zaɓi.

Yadda ake ɗaura maɓalli da umarni ba zan tsaya koya maka ba, wanda bai iya wannan ba bai kai ya tambaye ni ba. Abin da kuke mantawa shi ne daidaito a cikin manhajar kanta. Ctrl+V ya yi aiki a akwatin bincike da wajen sa sunan fayil kamar yadda yake yi a tsakiyar shafi. Esc ya rufe ƙaramin akwati a ko'ina, kada ya taɓa rubutu. Maɓallin Insert da ke sa sabon harafi ya cinye na gabansa, kashe shi daga farko. Word ta yi haka tun 2007.

Ka ce akwai ɗalibai daga Maraɗi da ke zuwa da kwamfutocinsu. Mafi yawa kibod ɗin Faransa ne, AZERTY, inda Z da W suka yi musayar wuri, A da Q ma haka. In ka ɗaura umarni da mazaunin maɓalli maimakon harafin da ke fitowa, yaro zai danna abin da aka rubuta Z a kai don ya janye kuskure, manhajarka ta ji W ta rufe masa shafi. Kuma ka nisanci haɗin Ctrl da Alt, domin a Windows daidai yake da maɓallin AltGr, da shi suke fitar da @ da sauran alamomi.

Maɓallanka na Vim ka ajiye su a cikin saiti, mai so ya kunna. Ranar Asabar ka zo da jerin maɓallan duka a takarda ɗaya, da ɗalibi ɗaya wanda bai taɓa ganin manhajar ba. Shi zai zauna a kujera ya buga shafi guda ya adana, kai kana tsaye a baya, ba ka cewa uffan.