Abin da ya hana adon bangonka kwanciya

Ka ce mini, "Maigida, na bi layin ɗinki daidai, amma adon bangon da na haɗa don biki ya ƙi kwanciya, gefensa sai lanƙwashewa yake yi." Jawo kujera, ɗana. Keke ba shi da laifi. Tun kafin ka zura zare a allura aikin ya karkace.

Irin wannan yadi mai hoto, wanda ake yanka shi hoto-hoto, faɗinsa yawanci inci 42 zuwa 44 ne, tsawonsa inci 24 ko 36. Injin da ke buga hoton ba ya bin zaren saƙa sak. Yadin na tafiya ana jansa, sai hoton ya ɗan zame, wata kusurwa ta fi wata miƙewa. Kai kuma ka yanka bisa zaren saƙa, yadda na koya maka a ɗinkin riga. A nan hoton ne ke da iko, layin da aka buga a kewayensa shi za ka bi. Yayyafa ruwa da ɗan sitati, ka ja ɓangaren da ya tsuke a hankali, ka riƙa danna dutsen guga kana ɗagawa. Kada ka goga gaba da baya, hakan na ƙara buɗe yadi. Sannan ka auna daga kusurwa zuwa wadda ke tsallaken ta, sau biyu, a gicciye. In awon biyu bai zo ɗaya ba, ajiye almakashi.

Kuskure na biyu shi ya fi ci mini rai, don har a hannun tsofaffin teloli nakan gan shi. Ka ɗauko ƙyallen kewaye, ka ɗora a bakin hoton, ka ɗinke, ka datse rara. To bakin yadi ya riga ya saki, ya fi tsakiya tsawo, wannan ƙarin ne ka ɗinke a ciki, shi ne kuma yake tashi a bango. Ta tsakiyar hoton za ka auna. Yanka ƙyalle biyu daidai da wannan awo, kafa fil a tsakiya da ƙarshe biyu, ka lallaɓa bakin ya bi ƙyallen. Kowane ɗinki ka bar masa kwatan inci, kada ya ƙaru, kada ya ragu. Bargon gado yana ɓoye irin wannan aibi cikin naɗe-naɗe, bango kuwa a miƙe yake, kowa na kallo.

In hoton na da ja mai ƙarfi, goga masa jiƙaƙƙen farin ƙyalle tukuna ka ga ko yana zuba.

Wajen haɗawa, shafin baya ya fi gaba da inci 3 ko 4 a kowane gefe, a tsakiya auduga siririya, ba soso mai kauri ba. Kafa fil tazarar tafin hannu. Fara ɗinki daga tsakiya kana fita waje, kana bin zanen hoton, tauraro ne ko ganye ko rubutu, don ya ɗago ya fito. Amma ka raba ɗinkin ko'ina. Na lura ka cika shi a kan hoton ka bar kewaye wayam, shi ya sa tsakiya ta tsuke, gefe ya rasa inda zai sa kansa.

Ƙusa biyu da ka rataye shi da su, cire su. Ɗinka masa dogon aljihu a baya ta sama, wanda za ka zura sandar ratayewa a ciki, faɗin inci 4, da ɗan saki don kada sanda ta turo gaban hoton. Sandar ce za ta ɗauki nauyin daga wannan gefe zuwa wancan.

Yanzu ɗauko reza ka warware kewayen nan huɗu a hankali, kada ka ji wa hoton ciwo. In ka gama gugar, kira ni mu auna tare kafin ka yanka komai.