Likita ya ce sai an yi min cikon ƙashi kafin dashen haƙori, in biya ko in gudu?

Wani bawan Allah daga Mabera a Sakkwato ya aiko da wannan, na ɗan taƙaita: "Salamu alaikum malam. Shekara bakwai ke nan da aka cire min turame biyu na sama, ɓangaren dama. Yanzu na samu hali ina son dashe, sai likita ya ce wai ƙashin wurin ya zaizaye, sai an ɗaga sainos an zuba ƙashi an jira wattanni, kuɗin ya kusa ninkawa. Wanga abu gaskiya ne ko ko dai an ga babbar riga?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Zancen babbar riga ya ba ni dariya, amma a nan ina ganin likitan naka bai yi ƙarya ba. Saman turamen sama akwai wani kogo mai iska a cikin ƙashin kumatu, shi ne sainos ɗin, wanda in mura ta kama ka kake jin fuska ta yi nauyi. In an cire haƙori ƙashin da ke riƙe da shi yana janyewa a hankali tunda ba shi da aiki, shi kuma kogon yana saukowa ta sama, to shekara bakwai ana wannan cin ta gaba ta baya sai ka tarar abin da ya rage bai fi kaurin kwali ba. Dashen kuma ƙusa ce ta ƙarfen titaniyom da ake ɗaurawa cikin ƙashi, yawanci tsawonta ya kai milimita 10 ko kusa. Ka buga ƙusa a silin ɗin kwali ka ga inda za ta ɓullo.

Abin da za a yi shi ne, kogon nan yana da shimfiɗar tantani siriri kamar na cikin ɓawon ƙwai, shi ake turawa sama a hankali a zuba garin ƙashi a ƙarƙashinsa. Ba sabon aiki ba ne, tun 1980 likitoci biyu a Amurka, Boyne da James, suka wallafa yadda ake yinsa. Hanya biyu ce kuma nan kuɗinka yake. In ƙashin da ya rage ya kai kamar milimita 5 zuwa sama, ana iya turawa ta cikin ramin da za a sa ƙusar, sau da yawa a dasa rana ɗaya. In bai kai 4 ba sai an buɗe 'yar taga ta gefen dasashi, a cika, a ɗinke, a jira kamar wata 6, wani ya fi haka, sannan a dawo dashe.

Don haka kar ka biya ko sisi sai ka ce masa likita nuna min hoton, milimita nawa suka rage? Hoton da ake kira CBCT shi ke nuna tsawo da faɗin ƙashin sosai, ƙaramin hoton haƙori ɗaya bai isa ba. Wanda ya san aikinsa zai juyo maka da kwamfuta ya auna a gabanka. Ka kuma tambaye shi ko gajeriyar ƙusa ta milimita 6 za ta yi a wurin ba tare da ciko ba, da abin da zai yi in tantanin ya yage, don shi ne matsalar da ta fi faruwa kuma ƙaramar yagewa ana facinta nan take. In zuciyarka ba ta kwanta ba ɗauki hoton ka kai sashen haƙori na asibitin koyarwa na jami'ar Usmanu Danfodiyo (UDUTH) wani ya sake dubawa.

Kuma Alhaji in haƙoran gefe lafiyayyu ne akwai gada, wato haƙorin ƙira da ake kafawa a jikin na gefen, akwai haƙorin roba na cirewa. Ba su kai dashe daɗin tauna ba, gada ma sai an fiƙe maƙwabtan, amma ba dole ne kowa ya yi dashe ba. In kana da sikari da bai daidaita ba ko kana shan taba, gyara wannan tukuna, in ba haka ba kuɗin ka zubar.

Wata Hajiya daga Runjin Sambo kuma ta ce an faɗa mata da ƙashin dabba ake cikon, wace dabba?

Hajiya tambayarki ta fi kowace muhimmanci a wurinmu, kuma mutane kunyar yinta suke. Akwai na jikin mutum kansa da ake ɗebowa daga muƙamuƙi, akwai na wani mutum da aka sarrafa, akwai na saniya irin su Bio-Oss wanda ake yawan amfani da shi, akwai kuma na haɗin masana'anta da babu dabba a ciki. Amma akwai na alade, kuma inda ake tuntuɓe shi ne 'yar shimfiɗar da ake rufe tagar da ita, da yawa daga jikin alade ake yinta, Bio-Gide misali. Ki ce a nuna miki kwalin duka biyun kafin ranar aiki, ba kina kwance baki a buɗe ba. Hukuncin kuma na malamai ne, ki kai musu sunan abin.

Sai batun lokaci, ku duka biyun. Bayan aikin kamar sati biyu ba a fyace hanci, atishawa da baki buɗe ake yinta, ba zuƙar lemo da tsinke, shaƙa ruwa a alwala ma sai a hankali kuma ku tambayi likita yaushe za ku koma yadda kuka saba. Duk wanda ya yi hunturu a Sakkwato ya san Disamba da Janairu ƙura ba ta barin hanci ya huta, ni da zan zaɓa zan jira hazo ya wuce. Mai niyyar Umara ma ya faɗa wa likita ranar tashin jirgi kafin a tsayar da ranar aiki.